Tsohuwar Tabilet da Sabuwar Manhaja: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Taɓa

[Kiɗan buɗe shiri]

Yau zancenmu a kan kwamfutar hannu yake, wato tabilet. Tambayar da za mu amsa ita ce: shin mutum zai iya cire babbar manhajar da tabilet ɗinsa ta zo da ita daga kamfani, ya ɗora mata wata daban? In zai iya, ta wace hanya? Me zai samu, me kuma zai rasa? Wanda ke da biro da takarda a kusa ya jawo su, don akwai sunaye da matakai da za su yi amfani in an rubuta.

A gidaje da yawa akwai tabilet da aka jefa a durowa aka manta. Allonta lafiya lau, batirinta na riƙe caji, sauti na fita garau. Amma in an je sauke manhajar karatun yara sai ta ce ba ta dace da wannan na'ura ba, in an buɗe wani shafi sai ya ƙi buɗuwa. Tun daga watan Oktoba na 2023, alal misali, WhatsApp ya daina aiki a duk na'urar da Android ɗinta bai kai na 5 ba. To ƙarfen nan bai mutu ba. Kamfanin da ya ƙera shi ne ya daina aiko masa da sabuntawa, masu yin manhajoji kuma suka yi gaba suka bar shi a baya.

Babbar manhaja ita ce ke tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajojin da kake amfani da su. In ka taɓa allo, ita ke fahimtar inda ka taɓa. Ita ke raba aiki, ta kula da batiri, ta haɗa ka da intanet, ta tsare maka bayananka. Yawancin tabilet ɗin da ke hannun jama'a Android ne a cikinsu, na kamfanin Google. Na Apple, wato iPad, iPadOS suke amfani da shi. Akwai masu Windows na Microsoft, akwai kuma Fire OS na kamfanin Amazon, wanda shi ma daga Android aka samo shi.

Abin da ya sa canza ta ke yiwuwa yana da ɗan tarihi. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, mai suna Linus Torvalds, ya fara rubuta tushen manhajar da ake kira Linux, ya kuma sake ta da sharaɗin kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. A kan wannan tushe aka gina Android. Google ya sayi kamfanin Android a 2005, wayar farko mai Android ta fito a 2008, kuma har yau Google na fitar da gangar jikin Android a fili, kowa ya ɗauka. Shi ya sa masana 'yan sa kai daga ƙasashe daban-daban ke iya ɗaukar sabon Android su daidaita shi da tsohuwar na'urar da kamfaninta ya yi watsi da ita. Amma a riƙe wannan: Play Store da Gmail da YouTube da taswirar Google ba sa cikin abin da aka saki kyauta. Waɗannan mallakar Google ne, kuma za mu dawo kansu.

Akwai labarin da ke nuna ƙarfin waɗannan 'yan sa kai. A watan Yuli na 2011 kamfanin HP na Amurka ya fitar da tabilet mai suna TouchPad, da babbar manhaja mai suna webOS. Ba ta yi kasuwa ba. Kwana 49 kacal da fitowarta kamfanin ya ce ya daina, ya karya farashinta daga dala 499 zuwa dala 99. Mutane suka yi rububin saye, sai ga su riƙe da na'ura mai kyau wadda ba ta da makoma. Cikin 'yan watanni masanan wata ƙungiyar sa kai mai suna CyanogenMod suka ɗora mata Android, aka ci gaba da amfani da ita shekaru bayan kamfanin ya janye hannu. CyanogenMod ta rufe a ƙarshen 2016, amma masu aikinta suka ci gaba da shi da sabon suna, LineageOS, wanda shi ne ya fi shahara a wannan fanni a yau.

[Gajeren kiɗa]

To, waɗanne manhajoji ake iya ɗorawa? Ga mai tabilet ta Android, LineageOS ce ta farko. Android ne tsantsa, babu tarkacen manhajojin da kamfanoni ke cusawa, don haka tsohuwar na'ura kan yi sauƙi da sauri. Akwai e-OS, wadda wani Bafaranshe mai suna Gaël Duval ya assasa domin masu son rage yawan bayanansu da ke zuwa wa Google. Akwai GrapheneOS mai tsananin tsaro, sai dai a na'urorin Pixel na Google kaɗai take hawa. Akwai Ubuntu Touch, wadda kamfanin Canonical ya fara, ya ajiye ta a 2017, ƙungiyar UBports ta ɗauka ta ci gaba. Sai postmarketOS, da aka fara a 2017 da burin na'ura ta yi shekara goma tana aiki. Waɗannan biyun na ƙarshe ba Android ba ne, saboda haka yawancin manhajojin da ka saba da su ba za su hau kai tsaye ba. Sun fi dacewa da ɗalibin kwamfuta mai son koyo.

Ga mai tabilet ta Windows, irin Surface na Microsoft da sauran masu ƙwaƙwalwar Intel, al'amarin ya fi sauƙi, don a haƙiƙa ƙananan kwamfutoci ne. Ana iya sa Linux, kamar Ubuntu ko Fedora, a filash, a tayar da na'urar daga filash ɗin, a gwada allo da sauti da intanet ba tare da an goge komai ba. In ta yi, a ɗora. In ba ta yi ba, a zare filash a koma Windows.

Yanzu mu zo kan ainihin darasin yau. Nasara ko asara a wannan aiki tun kafin a jona kebul ake yanke ta. Tambaya uku ce, duk wanda bai amsa su ba kada ya taɓa na'urarsa.

Tambaya ta farko: wace iri ce tabilet ɗinka takamaimai? Sunan kamfani bai isa ba, sunan da ke jikin kwali ma bai isa ba, lambar samfuri ake nema. Ɗauki Galaxy Tab A7 ta Samsung. Mai Wi-Fi kaɗai lambarta SM-T500, mai ɗaukar layin waya kuma SM-T505. A ido iri ɗaya ne, a ciki akwai bambanci. Kamar injin mota ne: kasancewar motoci biyu kamfani ɗaya ya ƙera su ba ya nufin injin wannan zai zauna a waccan. Dalili shi ne kowane sashe na tabilet, kyamara da allo da sauti da Wi-Fi, yana da ƙaramar manhajar da ke tuƙa shi, wadda masu gyara ke kira direba, kuma kamfanoni ba kasafai suke sakin sirrin waɗannan ba. Dole wani masani ya zauna ya haɗa babbar manhajar domin wannan samfuri shi kaɗai. Shi ya sa shafin LineageOS ke da jerin na'urorin da ake tallafa wa, kowace da jagorarta. Shiga saitin na'urarka, wurin da aka rubuta "About tablet", ka kwafi lambar, ka duba jerin. In babu ita, babu ita. Kada ka ɗauko ta maƙwabciyarta ka ce ai sun yi kama.

A nan akwai gaskiyar da ta shafe mu kai tsaye. Na'urorin da suka cika kasuwanninmu, irin su Tecno da itel da Infinix, da tabilet masu araha na yara waɗanda ko sunan kamfani ba a sani ba, da wuya ka gan su a wannan jeri. Yawancinsu ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc ke cikinsu, alhali 'yan sa kai sun fi aiki a kan masu Qualcomm. Akwai wata hanya da Google ya buɗe tun 2017, inda ya raba Android da direbobin kamfani, har ta kai ana iya ɗora manhaja ta bai-ɗaya, wadda ake kira GSI, a na'urorin da suka fito da Android 8 zuwa sama. Tana hawa a wasu, amma sau da yawa a tarar kyamara ta tsaya, ko sauti ya ɗauke, ko allo ya ƙi juyawa. Wannan aikin gwani ne, ba na mai fara koyo ba.

Tambaya ta biyu: ƙofar na buɗuwa? A cikin kowace tabilet akwai ƙaramar manhaja da ke fara tashi in an danna makunni, masu gyara na ce mata butloda. Aikinta ta duba babbar manhajar, in ta ga ba hatimin kamfani sai ta ƙi tayar da ita. Wannan kariya ce mai kyau, ita ke hana ɓarawo ko mai kutse ya sauya maka manhaja ba ka sani ba. Amma ita ce kuma ke tare ka in kai mai kayan ne kake son canji. Kamfanoni sun sha bamban a nan. Google na barin a buɗe Pixel cikin sauƙi. Xiaomi sai ka nemi izini ka jira kwanaki. Huawei ya daina ba da lambar buɗewa tun 2018. Yawancin Fire na Amazon a kulle suke. iPad kuwa, a manta da zancen, Apple bai bar wannan ƙofa ba. Masu sayen kayan hannu da ake shigowa da su daga waje su kula: na'urar da wani kamfanin layin waya na Amurka ya sayar, sau da yawa a kulle take ko da 'yar uwarta ta wata ƙasa na buɗuwa.

Tambaya ta uku: ka yarda da abin da za ka rasa? Da zarar an buɗe butloda, na'urar na goge duk abin da ke cikinta, hotuna, saƙonni, littattafai, komai. Da gangan aka tsara haka domin kare bayanan mai ita. Garanti kuma yawanci ya tafi. A na'urorin Samsung akwai wata alama ta tsaro mai suna Knox, wadda da zarar an ɗora manhajar da ba ta kamfani ba take ƙonewa har abada. Ko an dawo da manhajar asali, wasu abubuwa kamar ma'ajin sirri na Secure Folder ba za su sake aiki ba. Sannan manhajojin banki da na hada-hadar kuɗi da yawa sukan binciki na'ura kafin su buɗe, in suka ga an taɓa ta sai su ƙi. Masu kallon finafinai a irin su Netflix na iya tarar da hoto ya rage kyau. Kyamara ma takan rage armashi, don gwanintar kamfani ba ta biyo sabuwar manhajar. Don haka tabilet ɗin da kake karɓar kuɗin ciniki da ita, ko kake aikin ofis da ita, ba ita ce ta gwaji ba.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, in kuna tare da mu, muna magana ne a kan ɗora wa tabilet wata babbar manhaja. Wanda ya amsa tambayoyin nan uku ya ga hanya a buɗe take, ga yadda aikin ke tafiya. Zan faɗi tsarinsa ne a dunƙule, amma jagorar samfurinka ita ce abin bi, layi bayan layi.

Da farko a kwashe duk abin da ake so a adana a kwamfuta ko katin memori, sannan a cire katin da layin waya. A cire asusun Google da makullin allo, don kada bayan gogewa na'urar ta tsaya tana neman kalmar sirrin da aka manta. A cika tabilet da caji, a cika kwamfutar da za a yi aikin da ita. A ƙasarmu wannan ba ƙaramar magana ba ce: in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta manhaja, na'urar na iya mutuwa. Shi ya sa laftof mai lafiyayyen batiri ta fi kwamfutar tebur. A nemi kebul mai kyau wanda ke ɗaukar bayanai, don wasu kebul ɗin caji kawai suke yi. A tanadi data isasshiya, don fayil ɗin manhajar kan kai gigabait ɗaya ko fiye. A sauke shi daga shafin masu manhajar na asali kawai, kada a karɓi wanda aka turo a zauren WhatsApp ko aka liƙa a ƙasan wani bidiyo, don wanda ya haɗa maka babbar manhaja yana iya ganin duk abin da kake yi. Kuma tun kafin a fara, a sauke manhajar kamfani ta asali a ajiye. Ita ce hanyar komawa gida.

Sai a shiga saiti, a nemi inda aka rubuta "Build number", a danna shi sau bakwai a jere. Wani sabon sashe zai bayyana mai suna "Developer options". A ciki a kunna "USB debugging" da "OEM unlocking". In na biyun babu shi, ko ya ƙi kunnuwa, to ƙila ƙofar a kulle take, a tsaya a bincika. A kwamfuta kuma a sa kayan aikin Google guda biyu, ADB da Fastboot. Masu Samsung kan yi amfani da wani mai suna Odin wajen ɗora manhaja. A yawancin na'urori da Fastboot ake ba da umarnin buɗe butloda, na'urar ta yi gargaɗi a allo, ka amince, ta goge kanta.

Mataki na gaba shi ne ɗora ɗan ɗakin gyara da ake kira rikobari, kamar na LineageOS ko TWRP. Daga cikinsa ake share tsohuwar manhaja a tura sabuwa ta kebul. Ga inda muka ce za mu dawo: LineageOS ba ta zuwa da Play Store. Mai son kayan Google sai ya ɗora kunshinsu nan take, kafin na'urar ta tashi karon farko. Wanda ba ya so kuma akwai rumbun manhajoji na kyauta mai suna F-Droid. Tashin farko kan ɗauki mintuna, kada a firgita a kashe. In ta tashi, a gwada komai ɗaya bayan ɗaya: Wi-Fi, sauti, kyamara, caji, juyawar allo. Kada kuma a sake kulle butloda a kan sabuwar manhaja sai in jagorar ta ce a yi, don hakan ya kashe na'urori da yawa.

In aka samu matsala fa? Iri biyu ce. Akwai wadda na'urar ke maƙalewa a tambarin kamfani, tana kashe kanta tana kunnawa. Wannan da sauƙi, a koma rikobari a sake ɗorawa, ko a mayar da manhajar asali. Akwai kuma wadda allo ke yin baƙi ƙirin, ba caji ba motsi. Wannan yawanci daga ɗora fayil ɗin wani samfuri take zuwa, ko yankewar wuta, kuma gyaranta na iya fin kuɗin tabilet ɗin.

Wani zai ce, ni ba zan iya wannan ba, kasuwar waya zan kai, Farm Centre a Kano ko makamanciyarta a garinmu. Babu laifi, akwai gwanaye a can. Amma a bambance abu biyu. Abin da aka saba kira filashin, mayar da manhajar kamfani ce yadda take, ba ya sabunta Android ɗinka. Ɗora wata manhaja daban aiki ne na dabam. Ka tambayi mai gyara: Malam, wace manhaja za ka sa mini? Daga wane shafi ka sauke ta? Me da me ba zai yi aiki ba? In ban ji daɗinta ba, za ka iya mayar mini da ta asali? Wanda ya san aikinsa zai amsa ba tare da kame-kame ba. Kuma ka goge hotunanka da na iyalinka kafin ka miƙa, musamman 'yan uwa mata.

Akwai kuma maganar amana. Tabilet da makaranta ko wurin aiki suka ba ka, ba taka ba ce da za ka sauya mata manhaja. Wadda aka saya bashi ana biya kaɗan-kaɗan, karya makullinta cin haƙƙin mai kaya ne. Wadda aka kawo maka a kulle da asusun wani, mai sayarwa ya kasa buɗewa, ka yi nesa da ita, don ƙila ta sata ce.

Wanda tabilet ɗinsa ba ta cikin jeri, ko ƙofarta ba ta buɗuwa, kada ya jefar. A mayar da ita saitin kamfani, a cire manhajojin da ba a bukata, a ba ta aikin da ba ya neman sabon Android: karatun Alƙur'ani da littattafai, sauraron karatun malamai, darussan yara da aka riga aka sauke. Akwai manhaja mai suna Kiwix da ke ba da damar sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da data ba. Sai dai kada a yi harkar banki a na'urar da ta daina samun sabuntawar tsaro.

Tsawaita rayuwar na'ura ya wuce maganar aljihu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata. Tarayyar Turai ta kafa doka, daga watan Yuni na 2025, cewa duk waya da tabilet da za a sayar a can sai an ci gaba da sabunta manhajarsu aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin. Google da Samsung ma sun yi alkawarin shekara bakwai ga wasu sababbin na'urorinsu. Mu da yawanci kayan hannu muke saye, kariyarmu ita ce tambaya a gaban mai shago. Wace shekara aka ƙera ta? Android na nawa ke ciki? Har yanzu tana karɓar sabuntawa? Lambar samfurinta na cikin jerin LineageOS? Minti biyar na bincike a waya kafin a ƙirga kuɗi na iya ƙara wa tabilet shekaru na amfani.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Mai tambaya ya aiko mana, amma ya haɗa da lambar samfurin na'urarsa, don da ita za mu iya ba shi amsa mai amfani.

[Kiɗan rufe shiri]